Ɗa'ar Bisa Dabino

Jiya a gurup ɗin ƴan garinmu wani ya sa murya yana cewa wai Baba Habou na Ghuddwa ba shi da ɗa'a, wai ya kori baƙinsa saboda dabinon Balarabe, mutane suka yi ta amsawa gaskiya ne gaskiya ne, har da waɗanda ba su taɓa ganin fuskarsa ba. Ni ina zaune bakin hanya a unguwar Jadid, nan Sabha, ina jiran motar masu neman lebura, na ga dole in yi magana, don a gabana aka yi abin, kuma hannuna na ciki dumu-dumu. Ni ne Aziz ɗan Hamsatou, ɗan ƙanwar Yaou. To ku saurara.

Wanda bai sani ba, Baba Habou mutumin garinmu ne can bayan Kance, shekararsa goma sha tara a gona guda. Ghuddwa tana kudu da Sabha a nan Libiya, in ka sauka daga kwalta sai ka yi ta wuce gonaki, gonar Hajj Mahmoud ce ta ƙarshe, bayanta babu komai sai rairayi da sama. Dabino ne wajen ɗari uku, da injin ruwa, da ɗaki guda na bulo, da awaki shida. Hajj a Sukra yake zaune cikin gari, sai bayan mako biyu yake zuwa da fulawa da mai da makaroni da shayi, ya zaga gonar cikin mota, ya leƙo ya ce "Bahi, bahi ya Habou," wato da kyau, ya tafi. Daga nan sai wani mako biyun kafin Baba ya sake ganin ɗan Adam.

Lokacin da ya taho, ƴarsa Sakinatu ana goye da ita, yanzu ita ke goyon nata. Sau biyu kawai ya je gida. Matarsa Inna Bassira ta rasu yana nan, lokacin hanya ta rufe saboda faɗa, labarin ma sai da ya kwana tara kafin ya same shi. Tun daga nan kullum cewa yake baɗi zan koma, baɗi ta zo ya ce ai ƙananan da na dasa sun kusa fara haihuwa bari in gani da idona. Gonar babu rezo, waya ba ta kamawa sai a kan wani dogon dabino guda kusa da tankin ruwa, to duk Juma'a bayan la'asar sai ya ɗaura igiya ya hau, dattijo da furfura, ya zauna can bisa da ƴar wayarsa ya ji muryar da Sakinatu ta aiko, ya maida mata tasa, ya sauko. Hirarsa ta mako ke nan.

Sai wata guda a shekara, shi kam wannan watan shi ne sallarsa. Ƙarshen sanyi, wajen watan biyu zuwa na uku, dabino ke buɗe fure, kuma shi dabino akwai namiji akwai mace, in ba a haɗa su da hannu ba macen ba ta yin abin kirki. Ana yanko furen namijin, Larabawan nan dukkar suke ce masa, a tsaga shi sili-sili a shanya a inuwa, yana zubar da wani farin gari mai ƙanshi. Sai mutum ya zuba silin a jaka, ya ɗaura igiya a ƙugu ya hau macen, ya sassare ƙaya, ya buɗe gungun furenta ya cusa sili uku ko huɗu a tsakiya, kai ƙasa, ya ɗaure da ganyen dabinon sako-sako. Kowane gungu haka, kowace bishiya haka, kuma in fure ya buɗe kwanaki kaɗan yake jira, in sun wuce shi ke nan sai baɗi. Mutum ɗaya ba ya iyawa. Shi ya sa duk shekara Hajj ke cewa Habou nemo mutane, shi kuwa Baba ba ya neman kowa sai Kawu Yaou.

Su biyun rana ɗaya aka yi musu kaciya, ƙarƙashin tsamiya ɗaya suka yi jinya. Shekara goma sha ɗaya Kawu na zuwa masa da mutum biyu ko uku. Bara ni aka ɗauka, da Bachirou, wani dogo mai yawan dariya, mu uku ke nan. Ni wata biyar da zuwana Libiya, ban taɓa hawan dabino ba, goruba na sani.

Muna sauka daga mota muka hango shi tsaye bakin ƙofar gona, ya sa farar riga, ashe tun safe yake nan.

Kawu ya ɗaga murya ya ce, "Ango! Mijin mata ɗari uku! Har yanzu ba su kashe ka ba?"

Baba ya ce, "Kai suke jira, tumbin nan naka in ya hau su ai sun huta da rayuwa."

Suka rungume juna suna dariya, amma na lura maganar Baba tana fita da ƙyar da farko, yana cewa abu sai ya tsaya yana laluben kalmar, ko ya sa ta Larabci, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Sai da aka kwana biyu bakinsa ya saki, daga nan kuwa ba ya shiru, labarin gida, labarin wanda ya mutu da wanda ya yi aure, wane ya sayar da gonarsa, rijiyar bakin kasuwa har yanzu tana da ruwa? Yana da wani babban faranti da ke rataye a bango shekara guda ba a taɓawa, ranar ya sauke shi ya wanke. Yana da gwangwanin madara cike da kuka, da daddawa ƙulle a leda uku, Sakinatu ta aiko masa tun da kaka, bai taɓa ko ƙwaya ba, ya ajiye mana. Tuwon fulawa ne amma miyar ta gida ce. Gishiri ya yi yawa, kullum gishirinsa yawa yake, Kawu ya ce, "Habou, Bilma ka zuba mana a tukunya?" Baba ya ce, "Ci ka yi shiru, mara godiya." Shi bai cika ci ba ma, kallonmu yake muna ci.

Yanzu maganar ɗa'a. Mu a gida in an ce yaro na da ɗa'a, to yana durƙusawa ya gaida babba, ba ya kallon tsakiyar ido, ba ya riga manya sa hannu a kwano, in an aike shi da gudu yake tafiya. Ranar da zan taho abin da innata ta ce ke nan, "Aziz, ka yi wa kawunka ɗa'a, abin da ya ce shi ke nan." Iyakar sanina ke nan. Baba Habou kuwa kalmar ba ta barin bakinsa, amma a wuraren da ban saba jin ta ba. Bachirou ya yar da wuƙa inda akuya za ta taka, ya ce wannan ba ɗa'a ba ce. Na buɗe ruwa na manta ya malale, ya ce, "Ɗana, ruwan nan ya girmi kakan kakanka a ƙarƙashin ƙasa, ka yi masa ɗa'a." Kawu ya yi ta ƙyaƙyatawa, ya ce kaɗaici ya taɓa kan mutumin nan, saura kaɗan ya ce mu durƙusa mu gaida injin. Baba ya ce malaminsu na allo ne ya faɗa musu, wai ɗa'a ita ce ka ba kowane abu haƙƙinsa, babba da yaro da dabba da aikin da aka danƙa maka, durƙuso kuwa ƙofar gidan ce kawai. Ni na ji na wuce, yunwa nake ji.

Shi ya koya mini hawa, kwana biyu, a kan wasu matsakaita. Ƙaya ta shiga hannuna har sau nawa, ƙayar dabino in ta soke ka wurin kumbura yake. Shi da kansa ba ya hawan dogayen sosai yanzu, gwiwarsa ta dama ta lalace, aikinsa yanko dukkar da shanyawa da ban ruwa da dafa mana abinci, sai gajerun da ya dasa da hannunsa, waɗannan ba ya bari kowa ya taɓa.

Rana ta huɗu muka shiga layin tsofaffin dabino na can ƙarshen gona, dogaye, in ka kai bisa mutum a ƙasa kamar kaza. Na hau wata mai gungu goma, na sa wa shida, na sa hannu a jaka, wayam, dukkar ya ƙare. Rana ta take, in na sauka na je ɗaki na ɗebo sai na sake hawa daga farko. Kawu yana kan ta kusa da ni. Na ce, "Kawu, nawa ya ƙare."

Ya ce, "Ɗaure su haka nan."

Na ce, "Ba kowa a ciki?"

Ya ce, "Kai yaro, wa ya taɓa yi wa gero aure? Shekara nawa muna noma a gida, ka taɓa ganin an bi zangarniya ana cusa mata miji? Iska ce ke yi. Wannan duk fi'ilin Larabawa ne. Ka sa wa shida, iska za ta kai wa sauran. Ɗaure mu wuce, akwai wata gona na jiranmu."

Wallahi maganar ta shige ni, don gaskiya ne ban taɓa ganin an yi wa gero aure ba. Kuma kawuna ne. Na ɗaure huɗun fanko. Daga ƙasa kuwa ba ka ganin komai sai ɗaurin, tsaf, kamar na ƙwarai. Washegari na yi haka sau uku. Rana ta gaba ba ma jiran ya ƙare, in gungu yana bayan bishiya wurin ƙaya mai yawa sai mu ɗaure kawai, ni da Bachirou har gasa muke wa zai riga sauka. Aiki ya yi ta gudu. Baba yana murna yana cewa bana yaran nan akwai zafin nama.

Tabarma ce ta tona mu. Shi ya san yawan dukkar da dabino ɗari ke ci kamar yadda mace ta san mudun da gidanta ke ci, ya ga bishiyoyi na ƙarewa amma tabarmar shanya ba ta raguwa. Rana ta tara da hantsi ina can wani layi sai na hango farar hula a kan dogon dabinon nan mai gungu goma. Baba ne, da gwiwar tasa. Na ga ya kwance ɗauri, ya leƙa, ya kwance wani. Ya daɗe a can bai motsa ba. Ni kuwa kamar in saki igiya in faɗo.

Ya sauko kamar bai ga komai ba. Ya dafa abinci, muka ci a babban faranti, ya zuba mana shayi har zagaye uku, muka yi azahar. Yanzu da nake tunani, ya san abin da maganar za ta jawo, ya san halin Kawu tun suna yara, in ya yi shiru ba wanda zai sani sai da kaka, kuma da kaka sai a ce sanyi ne ko iska. In ya yi magana kuwa, watan nan guda da yake jira shekara, shi ne zai tafi.

Baba ya ce, "Yaou, zo ka ga wani abu a injin."

Ya kai shi bayan ɗakin injin ruwa, da gangan, don ƙarar injin ta rufe maganar kada mu yara mu ji. Ni da Bachirou muna ƙarƙashin inuwa muna ganin bakinsu na motsi. Sai wuta ta ɗauke, yadda ta saba. Injin ya yi tsit. Muryar Baba ta fito fili, da ƙarfi, don da ƙarfi yake yi saboda ƙarar: "...ɗauri ba kowa a ciki, Yaou, na kwance huɗu da hannuna!"

Kawu ya waiwayo ya ga muna kallo, na ga fuskarsa ta canza. Da wutar ba ta ɗauke ba, Allah kaɗai ya san yadda za ta ƙare.

Kawu ya fito fili ya ce, "To faɗa da kyau su ji! Ɓarawo ka kama!"

Baba ya biyo shi yana cewa, "Ban ce ɓarawo ba. Na ce mu koma. Na kwana uku da suka wuce har yanzu za su karɓa. Mu huɗu, kwana biyu mun gama, ni ma zan hau. Ba wanda zai ji."

"Iska za ta yi."

"Ba ta yi, Yaou. Dabino ba gero ba ne. Na gani da idona shekarar farko, fitowa yake ƙanana ba ƙwallo ba zaƙi, sai awaki."

Bachirou ya sa baki yana murmushi wai ya kashe wutar, ya ce, "Haba Baba, Hajj da ko daga mota ba ya sauka, shi ne zai hau ya kwance ɗauri? Ai ko tsani aka sa masa sai an kira kamiyo, babbar mota, ta ɗaga shi."

Ba wanda ya yi dariya. Baba ya ce, "Don ba zai hau ba ne ya sa nake magana. Ɗa'ar ƙasa kowa na da ita, a ƙasa akwai idanu. Ta bisa nake tambaya."

Wannan kalmar ce ta ƙarasa Kawu. Ya ce, "Ɗa'a? Habou, kai za ka koya mini ɗa'a gaban ɗan ƙanwata? Mai ɗa'a ne ke ba baƙonsa tuwo da hannun dama ya bi bayansa da hagu yana kwance masa ɗauri? Shekara goma sha ɗaya ina barin aikin gari in zo nan jeji don kada ka haukace kai kaɗai, yau kan dabinon wani ka tsinka ni? Naka sai naka, ko ka manta? In ka faɗo daga bisa Hajj ne zai wanke ka ko mu?"

Baba ya ce, "Ku ne. Shi ya sa da kai na yi maganar ba da shi ba."

Kawu ya ce, "Mai ɗa'a! Mai ɗa'ar da Bassira ta mutu yana nan yana yi wa itace aure!"

Baba ya sunkuya ya ɗauki kofunan shayi ɗaya bayan ɗaya, ya tafi da su wajen famfo, alhali ba ruwa, wuta ba ta dawo ba. Ya tsaya can da kofuna a hannu.

Kawu ya ce mu tattara kaya. Ni ne na hau dogon dabinon rezo na kira direban da ya kawo mu, Kawu ya aike ni, na tafi da gudu yadda aka koya mini. Da safe motar ta zo. Baba ya riga ya gasa burodi, ya ƙulle mana a leda, ya miƙa wa Kawu, Kawu ya kau da kai, Bachirou ya karɓa. Na je na durƙusa na ce, "Baba, mun tafi." Ina so in ce wancan dabinon nawa ne, ni na ɗaure shi, ina so in ce zan zauna, amma innata ta ce abin da kawunka ya ce shi ke nan, kuma a ƙasar nan ba ni da kowa sai shi. Baba ya dafa kaina ya ce, "Na sani, ɗana. Je ka, kada ka bar kawunka yana jira." Ban san wanne ya sani ba, wataƙila duka.

Mota na juyawa na leƙa baya. Ya riga ya rataya jakar dukkar, yana ɗaura igiya a gindin na farko a layin dogaye, yana ɗaga ƙafar nan mai ciwo.

Labarin da ya riga mu isa Jadid shi ne wanda kuka ji, Habou ya kori baƙinsa. Kawu bai ƙara ba bai rage ba, in an tambaye shi sai ya ce ku bar maganar mutumin nan, mutane suka cike sauran da kansu. Ni ma ban gyara musu ba. Direban nan shi ya riƙa kawo mini labari in mun haɗu, ya ce Hajj ya zo ya ga ba ma'aikata ya yi ta faɗa, Baba ya ce masa bakina ne ya kore su, bai ƙara komai ba. Ya ce wata rana ya kai gas gonar ya tarar da dattijon yana saukowa da baya da baya yana hutawa a kowane taku, gwiwa ta kumbura kamar ƙwarya.

Da kaka sai ga kwali guda na dabino, direban ya sauke a ƙofar ɗakinmu, ya ce daga Ghuddwa, na Yaou da yaransa, yadda aka saba duk shekara. Kawu ya ce a ba maƙwabta. Bachirou ya ɓoye rabi. Ni na ci uku na bar sauran.

Watan biyu ya sake zagayowa, bana ke nan. Kawu ya samo mana aikin gini a Sukra, ba wanda ya ambaci dabino. Ranar wata Juma'a na ce masa zan je aski, na hau motar kayan miya zuwa Ghuddwa, sauran na taka da ƙafa.

Ba kowa a ƙofar gona. Can ciki na ji ana magana bisa itace, Larabci, ashe wasu Misirawa uku Hajj ya kawo, sun kafa tantinsu can nesa, suna dafa nasu suna cin nasu, aikinsu mai kyau ne, Baba ma ya yaba. Shi kuwa na same shi zaune a ƙofar ɗaki yana cin makaroni a murfin tukunya, awaki kewaye da shi, yana yi wa wata baƙa faɗa da Hausa wai ta cika haɗama kamar Yaou. Ya rame. Sanda a gefensa, da ba shi da ita.

Na yi sallama. Ya ɗago, ya dube ni, sannan ya dubi bayana, ya daɗe yana duban hanya.

Na ce, "Ni kaɗai ne, Baba."

Ya ce, "Marhaba, marhaba... kai, sannu da zuwa nake so in ce. Zauna. A'a tashi, ɗauko mini gwangwanin can."

Kukar bara ce, da daddawar, ya ɗaure bakin ledar tun ranar da muka tafi. Ya hura wuta ya yi tuwo. Na duba bango ban ga babban faranti ba, ashe yana cikin ɗaki, dukkar aka shanya a kai. Ya ce ai ya fi tabarma, gari ba ya zubewa. A kwano ƙarami muka ci.

Na ce, "Baba, dabinon nan mai gungu goma ni ne."

Ya ce, "Ai ɗaurinka daban ne, kana ƙullewa sau biyu kamar mai ɗaure akuya. Tun daga ƙasa na san naka."

Na tambaye shi yadda aka ƙare. Ya ce wanda ya riska ya yi, wanda bai riska ba awaki sun ci har sun gaji, Hajj ya yi zuwa biyu ba ya gaishe shi, shi kuwa ya ce wa Hajj ni na kawo su, laifin a kaina yake. Na ce to da ka yi shiru ai da bana muna nan mu duka, ga tuwo ga hira. Ya juya cokali a tukunya. Ya ce, "Na yi wannan tunanin, ba sau ɗaya ba, ba sau ɗari ba. Wani lokacin in na ji mota can kan hanya har tashi nake. Amma da na yi shiru, da kuna nan ina zuba muku miya ina kallon Yaou ina sanin abin da ke bisa, shi ma yana sanin na sani. Wannan ba zama ba ne." Sai ya ce, "Abu ɗaya na yi kuskure. Da na kai shi can bayan rairayi, ba bayan injin ba. Na manta wuta ba ta da amana."

Na ce, "Maganar da ya faɗa ta Inna Bassira fa?"

Ya ce, "Ci tuwonka."

Da la'asar ya kalli dogon dabinon rezo, ya kalli gwiwarsa. Ashe mako uku bai hau ba, kuma yana jin nauyin roƙon Misirawan. Na karɓi wayar na ɗaura igiya na hau, saƙon Sakinatu har guda biyar suka shigo, na sauko masa da su ya saurara, na biyu tana kuka tana cewa Baba shiru lafiya. Ya yi mata magana a ƙasa, dogo, yana dariya yana cewa lafiya lau, yau ma ina da baƙo daga gida, na sake hawa na tura. Ina bisa na ga ƙaramin dabinon da ya dasa can gefe, furensa ya tsage ba a sa masa ba, da na sauka na ɗebi sili a farantin na je na sa masa, gungu biyar, na ƙulle sau ɗaya. Baba bai zo ya duba ba.

Ya raka ni har ƙofar gona da sandarsa. Ya ce, "Bayan kawunka ya daina ciwo?" Na ce yana nan yadda yake. Ya ce, "Ka ce masa ya daina ɗaukar buhun siminti biyu-biyu, ba yaro ba ne. Kuma ka ce masa fure ya buɗe." Na yi nisa na waiwaya, yana nan tsaye.

Kwana biyu ina juya saƙon a baki. Ranar Lahadi muna hutun rana a wurin gini na durƙusa gaban Kawu na ce, "Kawu, ba aski na je ba." Ya ce, "Ai na ga kan." Na faɗa masa duka, da sanda, da murfin tukunya, da maganar siminti, da fure ya buɗe. Bai dube ni ba, yana ta kakkaɓe ƙasa a wandonsa. Can ya ce, "Har yanzu yana cika gishiri?" Na ce har yanzu. Ya ce, "Mara jin magana." Ya tashi ya ɗauki buhu, guda ɗaya.

Bai je ba. Furen bana ya rufe makon jiya, Misirawan sun kwashe tantinsu, direba ya ce ya ga Baba ya wanke farantin ya maida shi bango. Wanda ya sa muryar jiya, ban san ka ba, amma in kana da mota Ghuddwa ba nisa, gona ta ƙarshe ce, ka tafi da daddawa, tasa ta ƙare.